Yadda mai ɗauke da ƙanjamau zai bi da ƙuraje da ƙaiƙayin fata a Legas

A Legas kusan kowa yana susa. Zafin garin mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa a jiki, sauro yana nan rani da damina, ga kuɗin cizo a katifun gidajen haya. Shi ya sa idan ƙuraje suka feso wa mutum a Agege ko Idi-Araba, abin da yake fara cewa shi ne "zafi ne", sai ya leƙa kemis a miƙo masa man shafawa. Ga mai cikakkiyar lafiya, sau da yawa abin kan wuce a haka. Amma ga wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, fata takan riga sauran jiki yin magana, kuma wanda ya rufe mata baki da mai ya hana kansa jin saƙon.

Dalilin ba mai nisa ba ne. Ƙwayar cutar tana cin wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne dakarun jiki. Mai lafiya yakan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 a awon da ake yi, idan kuma suka faɗi ƙasa da 200 garkuwa ta yi rauni sosai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙazuwa, makero, amosani, maruru, duk abubuwan da jiki ke korewa a da ba tare da mutum ya sani ba, sai su samu wurin zama. Mafi yawan masu ɗauke da cutar sukan gamu da wata matsalar fata ko ba jima ko ba daɗe, kuma ba su da kaɗan, don binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.9 a Najeriya.

Tun kafin mu shiga, a cire wani tsoro: ƙanjamau ba ta bin musabaha, ko haɗa kafaɗa a sahu, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko da kuwa jikin mutum duk ƙuraje ne. Ƙazuwa da makero dai suna yaɗuwa, amma wannan harkarsu daban.

Mataki na farko: duba kafin ka shafa komai

Ka samu hasken rana, ba na ƙwan ɗaki ba. A baƙar fata ja ba ya fitowa ja, yakan fito baƙi-baƙi, ko toka-toka, ko ruwan makuba, kuma da dare ba za ka bambance ba. Ɗauki madubi ka duba fatar kai, bayan kunne, gefen hanci, hammata, matsematsi, tafin hannu, tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Buɗe baki ka dubi harshe, dasashi da ganɗa. Mutane da yawa suna mantawa da baki, alhali nan ne wani lokaci babban labari yake.

Sai ka ɗauki hoto da wayarka, ɗaya daga nesa, ɗaya kusa. Ƙuraje suna sauya kama cikin kwanaki, kuma ranar da ka samu ganin likita wataƙila sun fashe ko sun bushe. Bayan haka ka amsa wa kanka waɗannan, ka riƙe amsar: yaushe ya fara, a ina ya fara, ƙaiƙayi yake ko zafi, akwai wani a ɗakinku da yake susa, wane sabon magani ka fara sha cikin wata biyun da suka wuce, kuma sau nawa ka tsallake maganin ƙanjamau. Wannan ta ƙarshe ka amsa ta tsakaninka da Allah.

Idan kuma ba ka taɓa yin gwaji ba, akwai alamomin da ya kamata su kai ka: ƙuraje masu ruwa da zafi da suka fito a jere a ɓari ɗaya na jikin matashi, farin abu a harshen baligi, ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka shafe watanni a hannu da ƙafa, ko makero da ke ta komowa yana faɗaɗa. Babu ɗayansu da ke tabbatar da cutar, jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Ana gwaji a asibitocin gwamnati da cibiyoyin lafiya na unguwa, akwai kuma abin gwada kai a gida da ake samu a manyan shagunan magani. Idan ya nuna akwai, sai a je asibiti a tabbatar.

Mataki na biyu: ware abin da ba ya jiran gobe

Wannan ne matakin da ya fi kowanne nauyi, don akwai ƙurajen da ke kashewa. Mafi hatsari shi ne jiki ya ƙi wani magani. Yakan faru cikin makonnin farko zuwa wata biyu da fara sabuwar ƙwaya, musamman Septrin da ake bai wa masu cutar don rigakafi, da nebirafin, da wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya. Yana farawa kamar mura: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ido ya yi ja yana zafi. Sai leɓe ya farfashe, baki da al'aura su yi gyambo, fata ta yi bororo tana saluɓewa kamar an zuba wa mutum ruwan zafi. Likitoci suna kiransa Stevens-Johnson. Idan ka ga haka kada ka ƙara haɗiyar ƙwayar da ake zargi, ka tattara duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya, a kai ka sashen gaggawa a wannan ranar. Ko ƙarfe biyun dare ne. Haka nan idan ƙuraje sun zo da kumburin fuska, ko numfashi yana sarƙewa, ko ido ya koma rawaya.

Idan kuwa ƙurajen ƙanana ne, babu zazzaɓi, baki da ido lafiya lau, kada ka yanke maganinka da kanka. Ka je asibitinku cikin kwana ɗaya ko biyu su duba.

Sauran da ba sa jira: ƙuraje masu ruwa a goshi, fatar ido ko kan hanci, don suna iya cin ido. Ƙafa ko hannu da ya kumbura ya yi zafi yana ƙyalli, ga zazzaɓi. Ƙananan ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya idan suka haɗu da matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya ko ruɗewa, don wannan na iya zama wata cuta da ta hau ƙwaƙwalwa. Sai ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017: zazzaɓi, kaluluwa, da ƙuraje masu tauri da ruwa a fuska, tafin hannu ko al'aura. Tana tsananta ga mai raunin garkuwa, kuma tana yaɗuwa, don haka a rufe ƙurajen, a raba shimfiɗa, a nufi asibiti.

Mataki na uku: gane wanda kake fama da shi

Ba don ka zama likitan kanka ba, sai don ka san abin da za ka faɗa da abin da za ka guje wa.

Wanda ya fi damun mutanenmu shi ne ƙurajen nan ƙanana masu tauri da ke fitowa a damatsa, ƙwauri da cinya, hagu da dama daidai, da ƙaiƙayin da ke hana barci. Mutum ya susa, su fashe, su warke su bar baƙin tabo, wasu su sake fitowa. Ana ganin jiki ne ke wuce gona da iri wajen mayar da martani ga cizon ƙwari, shi ya sa gidan sauro a nan magani ne, ba ado ba. A yanke farce, a shafa ruwan kalamin, likita kan ƙara da ƙwayar rage ƙaiƙayi. Direbobi da masu babur su lura, irin wannan ƙwayar da ake kira Piriton tana sa barci, kada a sha ta a hau titin Apapa. A nemi wadda ba ta sa gyangyaɗi, ko a bari sai dare. Gaskiyar magana dai, waɗannan duk rage zafi ne. Abin da ke kawar da ƙurajen shi ne garkuwa ta farfaɗo, kuma hakan yana ɗaukar watanni ana shan magani ba fashi. Tabon ya fi ƙurajen daɗewa, amma yana dusashewa.

Ƙazuwa tana kama da wancan har a ruɗe, sai dai tana da wuraren da take so: tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, cibiya, ƙugu, ɗuwawu da al'aura, kuma ƙaiƙayinta da dare yake tashi. Babbar shaidarta ita ce abokin kwana ma yana susa. A ɗakunan da mutum shida ko takwas ke kwana, irin na 'yan dako a Mile 12 ko masu aiki a mayankar Oko-Oba, idan ɗaya ya yi magani shi kaɗai ya yi aikin banza, mako biyu ta dawo. Kowa da kowa a rana ɗaya. Ana shafa man fametirin daga wuya har tafin ƙafa, ba inda ƙurajen suke kaɗai ba, har ƙarƙashin farce, a kwana da shi awa 8 zuwa 14, a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Akwai kuma farin ruwan nan benzil benzowet, ya fi araha amma yana da raɗaɗi, kuma sai an sirka shi kafin a shafa wa yara, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na mako guda. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba har mako huɗu bayan an kashe ƙwayar, wannan ba ya nufin magani bai yi ba. Ga mai raunin garkuwa sosai akwai wata ƙazuwar da ke yin ɓawo mai kauri a hannu da ƙafa, wani lokaci ma ba ta ƙaiƙayi, amma ita ta fi yaɗuwa. Wannan ta asibiti ce, sai an haɗa da ƙwayar sha.

Sai ƙurajen nan masu ɗaure mutum kamar ɗamara. Da farko wuri ɗaya ne zai riƙa zafi kamar ana tsira allura, a haƙarƙari ko baya ko fuska, bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje masu ruwa su fito a jere, a ɓari ɗaya, ba sa tsallakawa ɗaya ɓarin. Wannan tsarin ne ke sa wasu su ce jifa ne ko sammu. Ba haka ba ne. Ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, ta farka da garkuwa ta yi sanyi. Maganinta asaikulobir, kuma ya fi aiki idan an fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Ga baligi yawanci sau biyar ake sha a rana na tsawon mako guda, likita ne zai rubuta. Kada a fasa ƙurajen, kada a barbaɗa musu toka ko garin kafso, a rufe da tsumma mai tsabta, a nisanta su daga mai ciki da jariri. Wasu zafin kan zauna musu watanni bayan fata ta warke. Akwai maganin ciwon jijiya na musamman, a koma a faɗa, kada a yi ta haɗiyar maganin ciwon jiki.

Amosani a nan ba ya tsayawa a kai. Yana sauka gira, gefen hanci, gemu da tsakiyar ƙirji, yana ɓarɓashi mai maiƙo. Sabulun wanke kai mai ketokonazol yana taimakawa, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye, sau biyu a mako. Makero da ƙyasfi da cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa kuwa, man kulotirimazol safe da yamma na mako biyu zuwa huɗu, a ci gaba ɗan lokaci bayan an ga ya ɓace. Na fatar kai da na farce ba sa jin mai, sai ƙwaya. Mu da muke alwala sau biyar a rana muna zura ƙafa a takalmin roba a jiƙe, mu riƙa tsane tsakanin yatsu.

Farin abu a harshe ko cikin kumatu da ke gogewa kamar kindirmo yana da magani mai sauƙi, amma ga baligi alama ce ta garkuwa ta yi ƙasa. Idan haɗiya ma tana zafi, ya gangara maƙoshi, a je da wuri. Ƙuraje marasa ƙaiƙayi a tafin hannu da tafin ƙafa kuma, a nemi gwajin tunjere, allurar fenisilin ke maganinsa, kuma da mai gida da uwargida ake yi.

Na bar ɗaya a ƙarshe don shi ne aka fi rainawa. Tabo ne baƙi ko ruwan makuba, a ƙafa, hanci, ganɗa ko dasashi, ba ƙaiƙayi, ba zafi, a hankali ya yi tudu, wani lokaci ƙafa ta kumbura ta yi tauri. Da yake ba ya damun mutum sai a ƙyale shi. Yana iya zama sankarar Kaposi, kuma ba a gane ta da ido kaɗai, sai an ɗan yanki fatar an auna. Idan an tare ta da wuri, maganin ƙanjamau kansa yakan sa ta ja baya, idan ta yi nisa sai an haɗa da maganin sankara.

Mataki na huɗu: ajiye abin da ke ƙara ɓarna

A ganina rabin wahalar fata a Legas daga kanti ake sayo ta. Mayukan nan da ake cewa suna aiki uku, da mayukan bilicin, yawancinsu suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroid. Kwana uku na farko ƙaiƙayi ya kwanta, mutum ya ce ya samu magani. A ƙarƙashi kuwa makero yana faɗaɗa, ƙazuwa tana hayayyafa, fata tana sirancewa har ta fara tsagewa. Kuma idan aka zo gaban likita, man ya riga ya sauya kamannin ciwon. 'Yan'uwa mata, na san baƙin tabo a hannu da ƙwauri yana da ciwo, ga bakin mutane a gidan biki, amma bilicin ba ya goge shi, sai dai ya haska gefensa tabon ya ƙara fitowa. Baƙin lalle mai haɗin rini shi ma yana tayar wa wasu da bororo, jan lalle na gida ya fi aminci.

A daina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, a daina dirzar jiki da soso mai kaushi da sabulu mai kanwa. A guji man birki, bakin mai da ruwan batir, don har yau ana shafa su. Tsaga da ƙaho a kan fata mai ciwo ƙofa ce ga wata cutar, kuma askar da ta taɓa jinin wani ba abin sake amfani ba ce. Jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tasha da cikin mota, ko namu ko agbo na Yarabawa, ba ka san abin da ke ciki ba, kuma hanta da ƙodar da ke tace maganinka su ne za su ɗauki nauyin.

Mataki na biyar: zuwa asibiti

Fara da asibitin da kake karɓar magani, ba sai ranar da aka rubuta maka ta zo ba. Su ne ke da fayil ɗinka, sun san ƙwayar da kake sha. Manyan asibitocin jihar irin na Orile-Agege, Gbagada da Ikorodu suna kula da masu wannan cuta, haka cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka wurin likitan fata a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja. Maganin ƙanjamau kansa kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma ka riƙe ɗan kuɗi don man shafawa da wasu gwaje-gwaje. Ka yi sammako, Legas ce.

Ranar kada ka shafa komai, ko basilin. Tafi da katinka, da hotunan, da kwalayen duk abin da ka shafa ko ka sha. Idan Turanci ko Yarabanci zai ba ka wahala, tafi da wanda ka amince masa, amma ka zaɓa da kyau, ba kowane ɗan gari ne ke riƙe sirri ba. Idan ciwon yana wurin kunya, ka nuna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace tana iya neman mace ta duba ta ko ta tsaya a wurin. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta a tona asirinka ko a ƙi duba ka saboda ita.

Kafin ka fito ka tambayi abu uku: mene ne sunan ciwon, kwana nawa za ka yi kana maganin, kuma yaushe aka yi maka awon yawan ƙwayar cutar a jini na ƙarshe. Idan ka daɗe kana shan magani lafiya sai ga ƙuraje sun dawo, wannan awon ne zai nuna ko maganin ya daina riƙe cutar. Idan an ce jikinka ya ƙi wata ƙwaya, a rubuta maka sunanta a katinka, ka riƙa faɗa duk inda za a ba ka magani.

Mataki na shida: abin da za ka riƙa yi kullum

Ƙwayar maganin ƙanjamau ɗaya tilo da yawancin masu cutar ke sha yanzu, wadda ake kira TLD, ita ce babban maganin fata. Sau ɗaya a rana, a lokaci ɗaya. Akwai wani abu da ke firgita sababbin farawa: cikin makonni ko watannin farko, wasu ƙurajen kan ƙara tashi, ko masu ɗamarar nan su ɓullo. Sai mutum ya ce maganin ne bai karɓe shi ba, ya ajiye. Sau da yawa garkuwa ce ta farka ta tarar da baƙi a gida ta hau faɗa. A je a nuna, a ci gaba da sha sai in likita ya ce a tsaya.

Wanka da sabulu mai laushi, a tsane jiki, a shafa man kaɗe ko basilin tun fata tana da ɗan laima, musamman a watannin Disamba da Janairu da iskar hunturu ke leƙowa. Lokacin zafi a sa tufafin auduga, a sauya singileti da ɗan kamfai kullum, kada a kwana da rigar da aka yi dako da ita. Tawul da reza kowa da nasa. Katifa a riƙa fitar da ita rana. Sau ɗaya a wata ka sake wancan duban na mataki na farko, har cikin baki.

Da azumi ana iya mayar da shan ƙwayar zuwa dare, a yi shawara da asibiti kafin watan ya kama. Masu tafiya gida kuma, ko Sallah ko noman damina, nan ne na fi ganin mutane suna zamewa: a tafi da niyyar mako biyu a yi wata uku, magani ya ƙare a ƙauye, a dawo Legas jiki duk ƙuraje. Kafin ka hau mota ka faɗa wa asibitinku tsawon zamanka. Wanda awonsa ke da kyau ana iya ba shi na wata uku har zuwa shida a lokaci ɗaya, idan kuma zaman zai yi tsawo su rubuta maka takardar da za ka kai asibiti mafi kusa da garinku. Ka sa kwalbar a jakar hannunka, ba cikin kayan da za a ɗaure a saman mota ba.